Yadda ake neman ƙasusuwan mutanen farko a hamadar Jurab

Duk wanda ya zauna a Njamena ya san sunan Tumai, ko da a jikin allon shago ne. Kaɗan ne suka san yadda aka yi aka samo shi. Ƙoƙon kai ne na wani daga dangin mutanen farko, da ya zama dutse, wanda wani ɗan Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ya hango ranar 19 ga Yuli, 2001, a Toros-Menalla cikin hamadar Jurab da ke arewacin Chadi. Su huɗu ne a wannan fita, 'yan Chadi uku da Bafaranshe ɗaya, cikin ayarin binciken da Michel Brunet na jami'ar Poitiers ta Faransa yake jagoranta. Masana suna ba shi shekara kusan miliyan 7. Ga yadda irin wannan aiki yake tafiya.

Tun kafin a tayar da mota sai an samu takardar izini daga hukuma, domin duk abin da aka tsinta na ƙasa ne. Sannan a tanadi motoci aƙalla biyu, gangunan ruwa da na mai, da ɗan jagora daga mutanen yankin. Kada a yi wasa da maganar jagora: akwai wurare a arewa da har yanzu nakiyoyin yaƙin da aka yi da Libiya suke binne. Hanya ta Masakori da Musoro take bi, daga nan kuma sai Allah.

In an isa, ba a fara da haƙa. Wannan ne abin da yake ba baƙo mamaki, don ya zo da tunanin shebur da diga. A Jurab iska ce mai haƙa. Kowane hunturu tana ture tudun rairayi gaba, ta kankare ƙasan da ke ƙarƙashinsa, ta fito da abin da ya daɗe a kwance. Aikin mutum shi ne tafiya. A jeru, kowa da ratarsa, kai a sunkuye, ana takawa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Da sassafe ko da la'asar ya fi, lokacin da rana take gefe, ɗan ƙaramin haƙori ma sai ya yi inuwa. Da tsakar rana kuwa komai fari fat, ido sai hawaye. Filin da aka taka bara ba a ga komai ba, bana ma sai an koma, tunda iska ba ta huta ba.

Sai koyon bambance ƙashi. Na raƙumin da ya mutu shekarun baya fari ne, sakayau, yana ɓarewa. Wanda ya zama dutse yana da nauyi a hannu, sau da yawa ya yi duhu. Galibin abin da za a gani ba na dangin mutum ba ne: kifi, kada, dorina, kakannin giwa. Kada a raina su. Kifi da kada a tsakiyar rairayi suna shaida cewa a da akwai tafki da fadama a wurin, kuma su ne za su taimaka wajen ƙiyasin shekaru.

To, ga inda ake gane gwani. An ga abu, zuciya ta buga, hannu yana ƙaiƙayi. Kada a ɗauka! A fara ɗaukar hoto yadda yake kwance, da ma'auni a gefensa. A rubuta wurin da na'urar GPS, a ba shi lamba (ta wurin da aka samo Tumai ita ce TM 266), a duba wane irin ƙasa yake ciki, a manne yake ko a sake. Ƙashin da aka tsinta aka jefa aljihu ya zama kamar wasiƙar da aka yage adireshinta. Ko a kan Tumai kansa an yi ta jayayya game da yadda aka same shi kwance, balle wanda ba a yi wa hoto ba.

Bayan haka sai a share rairayin da buroshi, a ɗiga gam na musamman don kada ya ruguje, mai rauni a naɗe shi da filasta irin ta ɗorin karaya. Rairayin kewaye kuma a tankaɗe shi da rariya, kamar garin tuwo, saboda gutsuren haƙori. Kowane abu da jakarsa da lambarsa. Wani ƙashin cinya da aka kwaso daga wurin da aka samo Tumai a 2001 cikin ƙasusuwan dabbobi ya shiga, sai a 2004 wata ɗaliba a Poitiers ta lura da shi.

Sauran aikin na ɗakin bincike ne, kuma ya fi na daji tsawo. A Habasha da Kenya tokar dutse mai aman wuta tana ba da shekaru. A Toros-Menalla da dabbobin aka fara, aka gwada su da irinsu na Kenya, daga baya a 2008 aka auna sinadarin beriliyom na cikin ƙasa. Ƙoƙon Tumai ya motse saboda nauyin ƙasa, don haka aka yi masa hoton sikan, aka miƙe shi a kwamfuta. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce ta birin cimfanzi ba, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, kuma ramin da laka take bi ta shiga kai ya matso gaba, alamar mai tafiya a tsaye. Wasu masana sun yarda, wasu sun ce ƙashin cinyar bai nuna haka ba, ana nan ana fafatawa a mujallu.

Suna kuwa yakan zo daga ƙarshe. Na kimiyya Sahelanthropus tchadensis. Na gida, Tumai, da harshen Gorane na arewacin Chadi ne, ma'anarsa fatan rayuwa, sunan da ake ba yaron da aka haifa gab da shigowar rani.