Yadda ake fara aikin koyar da Turanci a Koriya ta Kudu

Duk mai niyyar koyar da Turanci a Koriya ta Kudu ya kamata ya fara da binciken biza kafin ya shiga lissafin albashi, domin bizar E-2 da ake bai wa malaman Turanci an fi keɓe ta ga masu fasfo na ƙasashe bakwai, wato Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Ana neman digirin farko da takardar shaidar rashin aikata laifi wadda hukuma ta tantance, sannan idan mutum ya sauka a yi masa gwajin lafiya, ya kuma yi rajistar katin zama cikin kwana 90.

Manyan hanyoyin samun aikin biyu ne. Akwai shirin gwamnati na EPIK, wanda aka kafa a 1995 domin tura malamai makarantun gwamnati, inda shekarar karatu take farawa a watan Maris. Akwai kuma makarantun kuɗi da ake kira hagwon, waɗanda yara suke zuwa bayan an tashi daga makaranta, har aiki yakan kai dare. A ganina sabon zuwa ya fi samun kwanciyar hankali a makarantar gwamnati. Wanda ya zaɓi hagwon kuwa, kada ya sa hannu a kwantiragi sai ya ga an rubuta awannin koyarwa da masauki da inshorar lafiya da kuɗin sallama na kimanin albashin wata guda da doka ta tanada bayan cikar shekara. Ya kuma sani cewa koyar da darasi a gidajen mutane ba tare da izini ba ya saɓa wa ƙa'idar bizar.

Abin da ya fi wahalar sabawa shi ne girmama mukami da shekaru. Ana ɗan rusunawa wajen gaisuwa, ana miƙa takarda ko karɓar kyauta da hannu biyu, kuma ba a musanta wa shugaban makaranta a gaban jama'a. Idan aka canza jadawalin darasi ba zato, abin da yakan faru sau da yawa, malami ɗan Koriya da kuke koyarwa tare a aji shi ne wanda za ka nema a keɓe ka yi masa magana cikin ladabi, domin ta hannunsa kusan komai yake bi. Kada kuma ka rubuta sunan ɗalibi da jan biro, saboda ana danganta hakan da mutuwa.

Walimar ma'aikata bayan aiki tana da nauyi a wurin 'yan Koriya, kuma galibi akwai giya da naman alade a kan teburi. Musulmi ya bayyana matsayinsa tun da wuri cikin natsuwa, amma ya halarta, don rashin zuwan ya fi ɓata rai fiye da ƙin sha. Ana samun abincin halal a unguwar Itaewon, kusa da babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976. Ka kuma koyi rubutun Koriya da ake kira Hangul tun kafin tafiya, domin haruffansa 24 ne kawai, kuma da su za ka karanta allon tashar jirgin ƙasa da sunayen ɗalibanka.