Yadda Ake Shigar da Rajistar Haihuwa ta Ma'aikatar Magajin Gari Cikin Kwamfuta

Duk ofishin rajista a Damagaram ya san lokacin cunkoso: watannin da ake haɗa takardun jarrabawar BEPC da ta Bak, da lokacin da maniyyata ke neman fasfo. Mutum ya zo neman kwafin takardar haihuwa, bai riƙe lamba ba, shekarar ma yana kokwanto, sai ma'aikaci ya wuni yana buɗa manyan littattafai. Shigar da rajista cikin kwamfuta shi ne maganin wannan, amma sai in an bi aikin daki-daki. Sayen na'urori shi ne mafi sauƙi a ciki, kuma nan ne yawancin ofisoshi ke tsayawa.

A fara da ƙidayar littattafai

Kafin a kashe ko dala, a fito da kowane littafin rajista a rubuta shi a jeri: cibiyar da ta cika shi, shekara, lambar farko da ta ƙarshe, yawan shafuna, da halin da yake ciki. Wanda gara ta ci, wanda ruwan damina ya taɓa, wanda ɗinkinsa ya kwance, duk a nuna. Birnin Zinder, wato Damagaram, na da gundumomi 5, kuma akwai littattafan da aka cika tun kafin a yi wannan rabo, don haka wajibi ne a rubuta inda kowane tsohon littafi yake ajiye yanzu. In ba haka ba ofisoshi biyu za su ɗauki hoton abu ɗaya, wani littafin kuma kowa ya ɗauka yana hannun ɗan'uwansa.

Daga wannan jerin ake sanin girman aiki. A ce takardu 40,000 ne. In aka yi lissafi da takarda 70 a yini ga kowane mai shigarwa, mutum biyu za su ci kwanakin aiki kusan 285, wato fiye da shekara. Gara a san haka tun farko da a yi wa jama'a alkawarin wata uku.

Kada a fara da littafi mafi tsufa don kawai shi ne na ɗaya a kanta. A fara da shekarun da aka fi nema, wato haihuwar yaran da ke tsakanin shekara 12 zuwa 20 yanzu, domin su ne masu jarrabawa da masu neman katin ɗan ƙasa. Littattafan da suka kusa lalacewa kuwa a ɗauki hotonsu nan take ko da ba za a shigar da bayanansu ba sai baɗi. Sabbin haihuwa su riƙa shiga kwamfuta tun ranar da aka fara aiki, don kada a riƙa kwashe tsohon tari ana tara sabo.

Kafin a sayi manhaja, a tuntuɓi babbar hukumar rajistar jama'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ta reshenta na jiha, a ji tsarin da ake so bayanai su bi. In kuma ɗan kwangila ne zai kawo manhajar, a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan na ofis ne, kuma ana iya fitar da su gaba ɗaya a fayil na CSV, tsarin da kusan kowace manhajar bayanai ke iya karantawa, duk ranar da aka so, ba tare da biyan wani kuɗi ba.

Wuta, zafi da ƙura

Wutar kamfanin lantarki NIGELEC kaɗai ba ta isa a dogara da ita ba, musamman a watannin Afirilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ga lissafin ƙaramin ofis: kwamfutocin hannu 3 masu wat 60 kowace, ƙaramar kwamfutar ajiyar bayanai mai wat 40, sikana da na'urar raba intanet wat 25, fitilu wat 30. Jimla wat 275, a awa 8 ya zama wat-awa 2,200. Farantan hasken rana biyu masu wat 400 za su ɗauki wannan, in ana share su. Batiran dalma biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200, a haɗe su zama bolt 24, suna riƙe wat-awa 4,800, amma rabin kaɗai ake ci, in aka zuƙe su ƙasa da haka ba sa daɗewa. Zafi ma na cin su: kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma. Saboda haka ba a ajiye su a ɗakin kwano marar taga. Kwamfutar hannu ta fi ta tebur a nan, tunda batirinta na cikinta, ɗaukewar wuta ba ta kashe aiki a tsakiya.

Firinta mai leza ba ta cikin wannan lissafi. Tana jan ɗaruruwan wat a lokacin da take ɗumama, kuma in aka jona ta da ƙaramin akwatin riƙe wuta sai ta kashe shi, kwamfutar da ke jikinsa ta mutu tare da shi. A ba ta layinta daban daga inbata mai ƙarfi, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida.

Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ƙwaya ɗaya a kan gilashin sikana tana barin tabo a kowane hoto. A rufe na'urori da ƙyalle bayan tashi, a goge gilashi kowace safiya, a hure fankar kwamfuta duk wata.

Ɗaukar hoto

Littafin rajista ɗinkakke ne, ba a kwance shi don a zura shi a sikana mai jan takarda. Ana amfani da sikana mai kallo daga sama, ko kyamara a kafe a kan sanda da fitila ɗaya a kowane gefe don kada inuwa ta faɗa tsakiyar littafi. A ɗauka a kan ɗigo 300 a kowane inci, kuma da launi, domin hatimi shuɗi da gyaran da aka yi da jan biro sukan ɓace a hoton baƙi da fari. Kowane shafi zai kai kamar megabait 2 zuwa 3 a tsarin JPEG mai kyau, shafuna 40,000 ke nan gigabait 80 zuwa 120, faifai mai terabait 1 ya wadatar har da saura.

A ɗauki shafin dukansa har gefuna. A gefe ne ake rubuta abin da ya biyo baya, kamar aure, rasuwa ko gyaran da kotu ta yi umarni, kuma masu gaggawa sun saba yanke gefen don hoto ya yi kyau. Shafin da babu rubutu ko wanda aka soke shi ma a ɗauke shi, don jerin lambobi ya cika, kada gobe wani ya cusa takardar ƙarya a giɓin. Sunan fayil ya kasance lamba zalla, misali ZR-G2-H-2009-L03-0147: Zinder, gunduma ta 2, haihuwa, shekarar 2009, littafi na 3, takarda ta 147. Ba a sa sunan mutum a sunan fayil.

Shigar da sunaye, inda aikin yake

Hoto ba ya neman kansa. Abin da ke sa a samo takarda cikin daƙiƙa shi ne bayanan da aka buga da hannu: lambar takarda, sunan yaro, jinsi, ranar haihuwa da wurinta, sunan uba, sunan uwa, ranar da aka bayyana haihuwar. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto ba abin dogaro ba ne a kan rubutun hannu na sakatarori daban-daban, da tawadar da ta koɗe.

Ƙa'ida ta farko: a buga abin da ke cikin littafi harafi da harafi, ko da kuskure ne ƙarara. In an rubuta Mahamdou, Mahamdou za a buga. Mai shigarwa ba alƙali ba ne. Gyaran takardar haihuwa yana da hanyarsa ta shari'a, kuma ranar da kwafin da kwamfuta ta fitar ya saɓa da littafi, ɗalibin da ya kai shi cikin takardun jarrabawa shi zai sha wahala. A buɗe wani gurbi daban na lura, a rubuta shakkar a can.

To amma ta yaya za a samo Mahamdou in mai nema ya ce Mahamadou? Da gurbi na biyu, na bincike kawai, wanda ba ya fita a takarda. A nan ake haɗa sunayen da rubutunsu ya bambanta alhali asalinsu ɗaya: Mahamadou, Mohamed, Mahaman da Maman; Issoufou, Youssouf da Issouf; Hadiza, Hadizatou da Khadidja; Aboubacar, Boubacar da Boubé. Tsoffin ma'aikatan ofis ne ya kamata su tsara wannan jeri, domin su suka san yadda aka saba rubutawa a unguwannin Birni da Zango da ƙauyukan kewaye. Manhajar da aka ƙera don ƙasar da kowa ke da sunan dangi takan tilasta gurbin “sunan iyali”, alhali a nan sunan uba ne ke biye da na yaro. A tabbata gurbin bai sa an juya sunaye ba, kuma akwai wurin laƙabi ga masu “dit” a takardarsu, irin su Mahamadou dit Sani.

Kwanan wata ma yana da tarko. Takardu da yawa na manya, musamman waɗanda suka fito ta hukuncin kotu, suna cewa an haife shi “wajen 1975”, babu rana babu wata. In manhaja ta ƙi karɓa sai da cikakkiyar rana, ma'aikata kan buga 1 ga Janairu, daga nan ofis ya ƙirƙiro ranar da ba ta cikin littafi. Dole a sami zaɓin shekara kaɗai da alamar “wajen”.

Sai tagwaye. Manhajar da ke farautar takardu masu maimaici za ta ga uba ɗaya, uwa ɗaya, rana ɗaya, Hassana da Ousseina, ko Hassane da Hassana, ta ce mutum ɗaya ne. Kada a ba ta ikon gogewa ko haɗewa da kanta. Ta nuna kawai, mutum ya buɗe hoto ya duba. Maimaici na gaskiya ma yana nan: yaron da aka bayyana a asibiti, takardar ta ɓata, daga baya iyaye suka samo wata ta kotu. Irin wannan a ware shi a kai wa jami'in rajista, ba a yanke hukunci a kan allo.

A kuma tabbata rumbun bayanan na kan tsarin UTF-8, wanda ke riƙe é da ï na Faransanci da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ na Hausa. Tsoffin littattafai da Faransanci suke, amma tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, rashin hangen nesa ne a sayi tsarin da ke mayar da ƙ alamar tambaya.

Don kama kurakurai, mutum na biyu ya sake buga lamba, suna da kwanan wata ba tare da ya ga na farko ba, kwamfuta ta nuna inda suka saɓa. In ma'aikata sun yi kaɗan, a duba takarda 1 cikin kowace 10, kuma in kuskure ya yi yawa a wani littafi a sake shi dukansa. Biyan masu shigarwa bisa yawan takardu kaɗai yana haifar da gudu da ɓarna.

Ajiya da sirri

Kwafi uku: ɗaya a kwamfutar ajiya, ɗaya a faifan da ake kwafewa kowace yamma a kulle a kabad, ɗaya a wani gini daban da ake sabuntawa duk mako. Sau ɗaya a wata a gwada dawo da bayanai daga faifan a wata kwamfuta, don faifai kan mutu shiru ba wanda ya sani. A toshe ƙofofin USB na kwamfutocin aiki. Filashin da ya zagaya shagunan buga takardu shi ne babbar hanyar shigowar cutar kwamfuta.

Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma manhaja ta riƙa rubuta wanda ya buɗe, wanda ya canza, da lokacin. Kalmar sirri ɗaya a manne a jikin allo tana nufin ranar da aka rage wa wani shekaru ba za a san hannun wa ba ne. Wanda aka canza wa wurin aiki a rufe shigarsa a ranar. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, kuma hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, ce ke sa ido a kai, don haka tura hoton shafin rajista ta WhatsApp ba ƙaramin abu ba ne: shafin na ɗauke da sunayen iyaye, sana'arsu da mazauninsu.

A tagar karɓar jama'a

Aikin yau da kullum ya gudana a cikin ofis ba tare da jiran intanet ba, a riƙa aika bayanai in layi ya samu. Layuka biyu na kamfanoni daban, misali Airtel da Moov ko Zamani, sun fi ɗaya. Kwafin da aka buga sai jami'in rajista ya sa hannu da hatimi kamar da, littafi kuma yana nan a matsayin asali, ba a jefa shi sito don an ɗauki hotonsa. In za a karɓi kuɗi ta waya, kowane biya ya fito da rasit mai lamba daga manhajar, a daidaita da asusu kafin a tashi, kuma a bar ƙofa ga mai biya hannu da hannu.

Dokar rajista ta 2019 ta ba da kwana 60 don bayyana haihuwa, bayan haka sai ta kotu. Kwamfuta na iya taimakawa a nan fiye da ko'ina: kowace Litinin a fitar da jerin cibiyoyin bayyanawa, asibitoci da gidajen masu gari, waɗanda takardunsu ba su iso ba, a kira su a waya. A kuma fitar da jerin takardun da aka gama ba a zo karɓa ba, a rarraba shi unguwa-unguwa a miƙa wa masu unguwanni su sanar a wajen suna da masallaci.