Yadda ake ɗaukar hoton bakin ruwa da almuru, ruwan ya kwanta kamar madara

Kwanakin baya ƙanena da ke koyon hoto a hannuna ya miƙo min wayarsa, ya ce, “Yaya, wannan da wace manhaja aka gyara shi?” Hoton bakin teku ne. Ruwan ya kwanta luf kamar an zuba madara a faranti, duwatsun da ke cikinsa kuwa sun fito tar, har kana iya ƙirga tsagarsu. Na ce masa babu gyara a nan. An bar idon kyamara a buɗe ne na daƙiƙa 20 ko 30, maimakon ƙiftawa ɗaya da muka saba yi a wajen biki. Duk abin da ya motsa a wannan tsakanin sai ya narke, abin da ya tsaya cak kuma ya fito da kaifinsa.

Mu a Kano ba mu da teku, amma ba mu rasa ruwa ba. Ga Kogin Kano ta wajen gadar Tamburawa a hanyar Zariya, ga Challawa ta Panshekara, ga Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, wanda in ka tsaya a bakinsa sai ka rantse teku ne. Da damina ma kududdufan cikin gari sun ishe ka gwaji. Wanda ya iya a nan, ranar da tafiya ta kai shi Legas ba zai yi baƙunta a bakin teku ba.

Abu na farko, kuma shi ne ya fi kayar da mutane, lokaci. Almurunmu gajere ne saboda muna kusa da tsakiyar duniya. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da duhu zai fara rufe gari, abin da ke hannunka bai fi minti 20 zuwa 25 ba. A Nuwamba da Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, a Yuni da Yuli kuwa sai bakwai saura 'yan mintoci. Don haka ka isa wurin tun bayan La'asar. Ka zagaya, ka zaɓi inda za ka tsaya, ka kafa kayanka tun da sauran haske, ka yi alwala ka zauna. Da an kira Magariba ka yi sallarka a nan gefen kayan. Ba abin da za ka rasa, domin shuɗin nan mai zurfi da muke nema ba ya sauka sai kamar minti 10 bayan faɗuwar rana, daidai lokacin da ka idar. Ni dai ban taɓa samun natsuwa da kyamara irin ta wannan ɗan tsakanin ba, iska ta lafa, masunta suna jawo kwale-kwalensu bakin gaɓa.

Ka kuma duba yanayi. Da hunturu hazo yakan shafe sama ta zama fari fat, rana ta ɓace tun kafin ta kai ƙasa, hoton ya fito ba armashi. Damina ce lokacin wannan aiki, musamman Agusta da Satumba, ranar da aka yi ruwa da rana aka ɗauke, gajimare na tafiya. Gajimaren ma yakan ja layi a hoton kamar an shafa shi da tsintsiya.

Kaya ba su da yawa. Kyamara mai ba ka damar sarrafa komai da hannu, batir cikakke, fitila, tsumma mai laushi, sai kuma maƙalin kyamara mai ƙafa uku, wanda masu hoto ke kira tiraifod. Wannan na ƙarshe kada ka yi masa rowa. In ka shiga titin Beirut ko Sabon Gari, ka buɗe ƙafafunsa gaba ɗaya, ka danna kansa da tafin hannu. In ya yi lilo, ajiye musu. Idan wanda kake da shi mara nauyi ne, kada ka zaro siraran ƙafafun ƙasa, kuma ka rataya jakarka a tsakiyarsa ta danne shi.

Da ka kafa, ka danna kowace ƙafa cikin yashi har sai ta daina nutsewa. Na taɓa yin asarar yamma guda a Tiga saboda wannan. A allon kyamara komai ya yi kyau, sai da na dawo gida na buɗe a kwamfuta na ga kowane dutse ya zama biyu, ashe ƙafa ɗaya tana ta sulalewa cikin laka a hankali. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don sararin wannan rana bai sake maimaituwa ba. Haka kuma kada ka kafa a kan gada. Tirela ɗaya ta wuce, girgizar ta gama da hoton.

Yanzu saiti. Juya kyamara zuwa M, wato inda kai ke sarrafa komai da hannu. Sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke saurin kama haske, a 100. Ƙofar haske ka bar ta tsakanin f/8 da f/11. Wasu kan matse ta har f/22 don su tsawaita lokaci, amma a nan hoto yakan rage kaifi, kuma duk ƙurar da ke kan na'urar ɗaukar hoton sai ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama, mu kuwa ƙura ba baƙuwarmu ba ce. Ka ɗauka a RAW, wato tsarin da ke ajiye hoto ɗanye ba tare da kyamara ta sarrafa shi ba, in kyamararka na da shi. Ka saita ganin kyamara a kan wani abu tsayayye, dutse ko kututture ko turken da ake ɗaure kwale-kwale, sannan ka mayar da ita MF, wato saita gani da hannu, don kada ta riƙa lalube cikin duhu. Kashe mai hana rawar hannu, wato IS a Canon, VR a Nikon, tunda ba a hannu take ba. Sai ka sa ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, hannunka ya bar jikinta kafin ta buɗe ido.

Tsawon lokacin shi ne inda zaɓinka yake. Rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2 yakan bar wa ruwa zare-zare, ana ganin inda ya nufa. Daga daƙiƙa 15 zuwa 30 sai ya kwanta, igiyar ruwa ta koma kamar hayaƙi. In kana son wuce 30, sai ka koma B, inda idon kyamara ke zama a buɗe har sai ka saki, ka riƙe da rimot. Haske na raguwa minti bayan minti, saboda haka saitin da ya yi daidai yanzu, nan da minti uku ya yi duhu. Ɗauki, duba, ninka lokacin, sake ɗauka. Akwai wani saiti na rage dusar hoto, wato ɗigo-ɗigon da ke fitowa a hoton duhu, wanda kan sa kyamara ta ƙara wasu daƙiƙa 30 tana aiki bayan kowane hoto na daƙiƙa 30. Da almuru ni kashe shi nake yi, lokacin bai isa ba.

Idan kana son farawa tun rana ba ta faɗi ba, sai da gilashin rage haske, ND. Mai lamba 1000 yana ninka lokaci kusan sau dubu: inda kyamara ta ba ka 1/60 na daƙiƙa, da ka ɗaura shi sai ya koma wajen daƙiƙa 16. Ka gama saita gani kafin ka ɗaura, don ta cikinsa ba a ganin komai.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. Wayoyi da yawa suna da sashen Pro a kyamararsu, inda za ka sauke ISO ka tsawaita lokaci. Ka dai samu abin da zai riƙe ta kyam.

Kada ka cika hoton da ruwa zalla. Laushin ruwan ba ya fitowa sai an ajiye abu mai tauri kusa da shi, don haka ka sauke tiraifod ƙasa-ƙasa, dutsen ya zo gaba, kuma ka tabbata layin da ruwa ya haɗu da sama bai karkace ba. A teku kuwa, ka danna daidai lokacin da igiya ta fara komawa, ita ke jan fararen layukan nan a kan yashi. Kada ka juya wa teku baya, kuma ka riƙa goge gilashi, don feshin gishiri na hawa kansa ba ka sani ba.

Ka gaida masunta da masu gadin wurin, ka nemi izini kafin ka buɗe jaka. Kada ka je kai kaɗai, kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya bayan Magariba. Ka sa riga mai dogon hannu saboda sauro. Kafin ka naɗe ƙafafun tiraifod, ka zuƙo hoton ƙarshe a allo har iyaka, ka kalli gefen dutsen nan da kyau. In ya fito biyu, ka sake danna ƙafafun cikin yashi, ka ƙara ɗaya tun da sauran shuɗi a sama.