Darasi na Tara: Daidaita Shok ɗin Gaba na Tsohon Babur

A darasin da ya wuce mun koyi karanta lambobin da ke jikin tef ɗin awo. Yau za mu fita da tef ɗin daga aji, mu kai shi gindin babur.

Duk wanda ya taɓa bin layukan Rigasa ko na Tudun Wada a Kaduna a kan tsohon babur bayan an ɗauke ruwan sama ya san abin da ake nufi in an ce shok ya mutu. Ka taka birki, gaban babur ya durƙusa kamar raƙumi. Ka faɗa rami, ka ji ƙwas har cikin haƙoranka. Wani babur ɗin kuma in ya hau tudu sai ya yi ta rawa, sama da ƙasa, ya ƙi tsayawa. Da yawa sukan ce tsufa ne, su haƙura. Alhali sau da dama gyaran bai wuce aikin yini ɗaya da ɗan mai kaɗan ba.

Baburan da muke magana a kansu su ne masu sanduna biyu a gaba, waɗanda ke shiga suna fita cikin gidansu, irin Honda CG125 da ake yi tun shekarun 1970, da Jincheng na ƙasar Sin, da Bajaj Boxer na Indiya. Waɗannan ba su da wani maɓalli a waje da za a murɗa a daidaita su. Sai an buɗe.

Abin da ke ciki

Kowace ƙafa ta shok tana da abu uku da suka shafe mu. Akwai sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo. Akwai mai. Akwai kuma iska, wadda ke zaune a saman man.

Ku riƙe wannan jimla, ku rubuta ta a littafinku: sifirin ke ɗaukar nauyi, mai ke hana rawa.

Ga yadda man ke aikinsa. A can ƙasan shok akwai wani ɗan bututu mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da shok ya lotsa ko ya miƙe, dole man ya bi ta ƙofofin nan. Ku tuna mazurari. In ka zuba ruwa, nan take ya wuce. In ka zuba zuma, sai ka jira. Mai marar kauri yana barin shok ya motsa da sauri, mai kauri kuma yana ja masa linzami. Amma ko zuma, in ka ba ta lokaci, za ta gama wucewa. Saboda haka komai kaurin mai, ba zai ɗaga babur ɗin da nauyi ya danne ba.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ku karanta wannan hirar, mutum biyu su tashi, kowa ya ɗauki baki ɗaya.

Wani dattijo ne da ke ɗauko buhun hatsi daga kasuwar Kawo duk ranar Talata ya tsaya wurin wani saurayi makanike.

"Yaro, gaban nan ya yi laushi. Juye man, ka zuba mini baƙin mai na inji, mai kaurin nan."

"Baba, in na zuba zai yi tauri, amma ba zai tashi ba."

"Ai taurin nake so. Kaya nake ɗauka."

"Haka ne, Baba. Sai dai ba man ne ke ɗaukar kayan ba. In na cika shi da mai kauri, kuka faɗa rami, man ba zai samu wucewa da sauri ba, dukan kuma a kafaɗunku zai sauka. Ku bari in auna tukuna."

"Me za ka auna a shok?"

"Yadda yake zama in kun hau, Baba."

Saurayin nan ya yi daidai. Ni ma na taɓa zuba baƙin mai da aka juye daga inji a shok ɗin babur ɗina, don ina ganin tsimi ne. Mako biyu wuyan hannuna yana ciwo, na rasa dalili. Tsohon man inji ga datti ga ɓarɓashin ƙarfe, ba abin da yake yi sai cin robar da ke tare mai.

Kafin a taɓa sifana

Kada a ɗora wa shok laifin da ba nasa ba. Duba iskar taya. Ɗaga gaban babur, ka juya kan hagu da dama. In ka ji yana maƙalewa a tsakiya, ko yana kaɗawa in ka jijjiga ƙafafun gaba da baya, boris ɗin wuya ne, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da kan babur ke juyawa a kansu, ba shok ba.

Sannan ka shafa sandunan da yatsa. In akwai jiƙon mai, robar da makanikai ke kira oyil sil ta lalace. In kuma ka ji ƙurajen tsatsa a inda robar ke gogawa, to ko ka sa sabuwa ba za ta daɗe ba. Ƙurar hunturu da taɓon damina su ne abokan gabar sandar nan, shi ya sa robar nan mai lanƙwasa da ke rufe ta ba ado ba ce. Wanda tasa ta yage ya nemi wata a kasuwar Panteka. Man da ke tsiyaya yana iya gangarawa har kan birki, wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce.

Sandar da ta taɓa lanƙwashewa a haɗari, ka cire ta ka mirgina a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska. In tana tsalle, ba ta miƙe ba. Ba wani daidaitawa da zai yi mata magani.

Awon zama

Wannan shi ne zuciyar darasin, don haka za mu ɗan daɗe a kansa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin dai ido ba ya isa, sai tef.

Kana buƙatar mutum biyu su taya ka. Ku yi amfani da ɓangaren tef mai santimita, ba mai inci ba. Ku tuna, santimita 1 milimita 10 ce.

Da farko a ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, shok ya miƙe iya miƙewarsa. A auna daga tsakiyar ƙarfen da ya ratsa taya zuwa wata alama a ƙarfen da ke riƙe sandunan daga ƙasa. Tef ɗin ya bi jikin shok, kada ya tsaya a tsaye cak. Rubuta lambar.

Sai a sauke babur. Mai shi ya hau, ya ɗora ƙafafu biyu a mataki, ya kama kan yadda yake tuƙi, mutum ɗaya na riƙe da babur daga baya don kada ya faɗi. A ɗan danna gaban a saki, a bari ya zauna da kansa. A sake aunawa daga wuri ɗaya zuwa alama ɗaya. Rubuta.

Yanzu ɗebe ta biyu daga ta farko. Misali:

Awon farko: milimita 480
Awon biyu: milimita 430
480 a ɗebe 430, saura 50.

Wato babur ɗin ya zauna da milimita 50. Yawa ne ko daidai? Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce zaman ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na dukan tafiyar shok ɗin. A ce shok ɗin iyakar lotsawarsa milimita 120 ce. Raba 120 gida huɗu, 30. Raba ta gida uku, 40. Ke nan ana son zaman ya faɗo tsakanin 30 da 40. Namu 50 ne. Ya zauna da yawa, tafiyar da ta rage masa ta karɓar rami milimita 70 ce kawai. Ga inda ƙwas ɗin nan yake fitowa.

Wani zai ce me ya sa ba za a hana shi zama gaba ɗaya ba? Saboda hanya ba tudu kaɗai gare ta ba, akwai kwari. In taya ta zo kan rami, shok yana buƙatar sauran wurin da zai miƙe ya bi ta ƙasa. Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin kwana.

Tsofaffin shok sukan ɗan maƙale, don haka awo ɗaya ba ya wadatarwa. Ku auna sau biyu ko uku, ku ɗauki lambar tsakiya.

Gyaran zama

A saman sifirin, ƙarƙashin murfi, yawanci akwai ɗan guntun bututu. Tsawonsa ne ke nuna yadda aka danne sifirin tun kafin a hau. Ƙara masa milimita 10, zaman zai ragu da kusan milimita 10. Ana iya ƙarawa da washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, ko a yanko bututun roba mai ƙarfi na masu aikin famfo wanda faɗinsa ya yi daidai, a goge bakinsa sumul, a sa washa tsakaninsa da sifirin.

Wajen buɗe murfi a yi hattara. Sai an ɗaga gaban babur, an sassauta notin sama da ke matse sandar, sannan a kwance murfin ana danne shi da hannu. Sifirin na ture shi daga ciki. Kada ka ɗora fuskarka a kai.

Tunda ka buɗe, zaro sifirin biyun ka jera su a ƙasa. In ɗaya ya fi ɗaya gajarta, sun gaji, a canza su tare. Ka lura kuma da gefen da naɗinsa ya fi matsewa, ka mayar da shi yadda ka same shi. A ganina, in sai ka ƙara abin da ya haura milimita 20 kafin zaman ya daidaita, daina cusa washa, sifirin ne ya mutu. Washa tana ɗaga babur ne kawai, ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi.

Mai da iska

Juye tsohon man a cikin wani abu da za ka iya gane yawansa. Wasu shok suna da ɗan noti a ƙasa na tsiyayarwa, wasu sai an cire ƙafar an kifa ta, ana turawa ana jawowa har ya tsane. Kada ka yi mamakin wari da launin toka. A wanke da ɗan kananzir, a bari ya tsane sarai.

Man shok yana da lamba a jikin roba: 5W, 10W, 15W, 20W. Lamba na hawa, kauri na ƙaruwa. Fara da 10W. A tsofaffin littattafan Honda ma jan man nan na giyar mota, ATF, aka ce a zuba, kuma yana aiki. In bayan ka hau ka ga gaban na ci gaba da rawa bayan tudu, koma 15W. Zafin Maris da Afrilu yana tsinka mai, saboda haka mai aikin rana tsaka yana iya fin jin daɗin 15W. In kuwa ƙananan duwatsu na dukan hannunka, man ya yi kauri.

Yawan man kowane babur daban ne, ƙafa ɗaya ba ta shan ko cikin kwalbar lemo. Wanda ke da littafin babur ɗinsa ya duba lambar, ya auna da sirinji babba. Hanya mafi tabbas ita ce awon zurfi: sifirin a waje, sanda a danne har ƙasa, a tsaye, an tura an jawo sau da yawa don kumfa ta fita. Sai a zura tsinke mai tsabta a auna daga bakin sanda zuwa saman mai. Lambar ƙafar hagu da ta dama su zama ɗaya.

Wurin da ya rage a sama na iska ne, iskar kuma in an matse ta tana turowa. Ƙara mai, wurin iska ya ragu, shok ya yi tauri a ƙarshen tafiyarsa. Wannan shi ne maganin babur ɗin da zamansa daidai ne amma yana buga ƙasa in an taka birki da ƙarfi. A ƙara mai har samansa ya hau da milimita 10 kawai, a gwada. Cikawa fal yana kulle shok, ya fasa oyil sil.

Wajen haɗawa, kada ka matse notin tayar gaba tukuna. Sauke babur, kama birki, danna gaban sau biyar ko shida don ƙafafun su daidaita kansu, sannan ka ɗaure komai tam. Gwada birki kafin ka fita titi.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In ka ƙara washa, ka canza kaurin mai, ka ƙara yawansa duk rana guda, ba za ka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Zaɓi layi ɗaya da ka san ramukansa, ka riƙa gwaji a kansa. Kuma kada ka buɗe shok da safiyar ranar da za ka kasuwa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin gida

Rubuta kalmomin nan sau uku-uku: sifirin, milimita, washa, zama.

Wani babur awonsa na farko 465 ne, na biyu 420. Nawa ya zauna? In tafiyar shok ɗinsa 120 ce, washa ta milimita nawa za ka ƙara don zaman ya koma 35?

Ka auna babur ɗinka ko na maƙwabci, ka rubuta lambobin biyu da kwanan wata a shafin ƙarshe na littafinka, ka zo da su aji mako mai zuwa.