Yadda za ki yi idan likita ya ce yana zargin sankarar bakin mahaifa

Idan likita ko unguwarzoma ta duba ki ta ce ta ga wani abu a bakin mahaifa da bai kwanta mata ba, kada ki tashi daga kujera sai kin tambaya wane gwaji aka yi miki. Gwajin HPV, wato ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, yana nuna ko ƙwayar tana jikinki ne kawai, kuma yawancin mata jikinsu yana kawar da ita da kansa cikin shekara biyu. Gwajin VIA shi ne wanda ake shafa ruwan tsami mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a jira minti ɗaya, a ga ko wani wuri ya yi fari. Shi kuma Pap smear ana ɗan kankaro ƙwayoyin fatar wurin ne a duba su a ɗakin gwaji. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke tabbatar da sankara. Abin da ke tabbatar da ita shi ne a ɗebi ɗan nama, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ko dawa ba, likitan nama ya duba shi a madubin ƙara girma. Wannan shi ne bayofsi.

Matakin farko: a ɗebi nama, kuma ki bi sawunsa

Idan kina ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan kin daina haila, ko ruwa mai wari yana zuba, ko kuma likita ya ga tsiro da idonsa, to ba Pap smear ake bukata ba. Kai tsaye ya kamata likita ya duba bakin mahaifar, idan akwai wurin da yake zargi a yi bayofsi. A nan ne mata da yawa ke asarar watanni. Wata ta ɗauki jinin a matsayin istihala, ta nemi hukuncin sallarta ta tsaya nan. Wata kuma a ce mata sanyi ne, ta yi ta sayen magani a kemis, ko ta yi matsi, wanda ke ƙara fama wurin ya jawo zubar jini. Ki nemi fatawar, amma ki je a duba ki a makon.

Ɗibar naman ba ta wuce 'yan mintuna, galibi ba a sa barci. Za ki ji kamar an tsunkule ki, ki ga ɗan jini kwana biyu ko uku. Ana saka naman cikin kwalba mai ruwan fomalin, wanda ke hana shi lalacewa, nan take. Ki tabbata an rubuta sunanki da lambar katinki a jikin kwalbar kanta, ba a murfi kaɗai ba. Idan ku aka ba ku kai ɗakin gwaji, a kai ranar, kada a bar ta cikin mota a rana, kada a sa ta a firiza, don sanyin yana lalata naman har a kasa karanta shi. Ki karɓi rasit, ki tambayi ranar da sakamako zai fito, ki koma ranar ko ba a kira ki ba. Sakamako yana fitowa ki yi masa kwafi biyu, ki kuma ɗauki hotonsa a waya.

Mataki na biyu: ki gane abin da takardar ta ce

Idan an rubuta CIN 1, CIN 2 ko CIN 3, ba sankara ba ce tukuna. Sauyi ne a fatar bakin mahaifa da zai iya zama sankara idan aka ƙyale shi, kuma hakan kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mai lafiyayyen garkuwar jiki, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwa, kamar mai HIV da ba ta shan magani. CIN 1 sau da yawa yana tafiya da kansa, sa ido kawai ake yi. Sauran biyun ana magance su rana ɗaya ki koma gida: ko a ƙona wurin da ɗan ƙarfe mai zafi, ko a daskarar da shi da iskar gas, ko a yanke shi da siririyar waya mai lantarki da ake kira LEEP. Bayan haka ruwa zai riƙa zuba har mako huɗu. A wannan lokacin ba saduwa, ba matsi, sannan ki koma a sake gwaji bayan shekara ɗaya.

Idan kuwa takardar ta ce sankara ce, ki je karɓar bayani tare da mutum ɗaya mai natsuwa da zai rubuta abin da likita ya faɗa, domin bayan an ambaci sunan cutar kunne ba ya riƙe sauran maganar. Kuka ba laifi ba ne. Idan barci da cin abinci suka gagare ki fiye da mako biyu, ki gaya wa likita, akwai taimakon da ake yi.

Akwai maganar da ya kamata mai gida ya ji daga bakin likita, ba daga bakin 'yan unguwa ba. HPV ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta, amma kusan duk wanda ya taɓa aure yana haɗuwa da ita a rayuwarsa, kuma tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa ba alama. Ganin ta ba shaida ba ce a kan matar ko mijin. Ita kuma sankarar ba ta yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa ko banɗaki, babu dalilin ware mara lafiya.

Mataki na uku: a san inda cutar ta kai kafin a taɓa ki da wuƙa

Wannan shi ne wurin da kuskure ya fi tsada. Sankarar bakin mahaifa tana da mataki huɗu. A na ɗaya tana bakin mahaifa kaɗai. A na biyu ta fara fita gefe ko saman farji. A na uku ta kai bangon ƙugu, ko ƙasan farji, ko ƙululun da ke kusa (kaluluwa), ko ta toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda. A na huɗu ta shiga mafitsara ko dubura, ko ta tafi nesa kamar huhu. Don gane matakin, likita zai duba ki da hannu ta gaba da ta baya, a yi hoton ciki da na ƙirji, da MRI ko CT inda hali ya yi, a auna jini da aikin ƙoda, a yi gwajin HIV da na juna biyu.

Idan wani ya ce a cire mahaifa kawai a huta, ba tare da sakamakon nama da matakin cuta ba, ki dakata ki nemi a tura ki asibitin koyarwa. Tiyatar sankara ba irin ta fibroid ba ce. Ana cire mahaifa tare da naman da ke riƙe da ita, da saman farji, da ƙululun ƙugu, kuma ƙwararren likitan mata ne mai horo a kan sankara ke yin ta. Idan aka yi tiyatar gama-gari, wuƙa na iya ratsa tsakiyar tsiron a bar saura, daga baya maganin ya ƙara wuya. Tiyata ta dace ne da cutar da ke farkon mataki na ɗaya. Mai son haihuwa ta faɗa tun yanzu, domin idan tsiron bai wuce santimita 2 ba, wani lokaci ana iya cire bakin mahaifa a bar mahaifar.

Mataki na huɗu: gashi da allura, ba tare da tsayawa ba

Idan tsiron ya yi girma ko ya fita daga bakin mahaifa, maganin shi ne gashi, wato a gasa tsiron da hasken na'ura, haɗe da allurar cisplatin mai kashe ƙwayoyin sankara, kuma mata da yawa suna warkewa da shi. Gashin waje ana yin sa Litinin zuwa Juma'a, wajen mako biyar, kusan zama 25, kowane zama 'yan mintuna ne kuma ba ya zafi. Allurar sau ɗaya ce a mako. Sannan akwai gashin ciki, inda ake saka ɗan bututu ta farji har bakin mahaifa a gasa tsiron daga kusa. Kada ki yarda a bar wannan, shi ne ke ƙarasa kashe tushen cutar. Duka aikin ana so a gama shi cikin mako takwas, domin duk kwanakin da aka tsaya, ƙwayoyin da suka rage suna sake hayayyafa.

Saboda haka kafin a fara ki yi tambaya uku: na'urar tana aiki yanzu, yaushe layi zai zo kaina, kuma ana yin gashin ciki a nan ko sai an tura ni wani gari? Cikin wuraren da ake tura masu neman gashi akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashi a 2021. A nemi masauki kusa da asibitin, a haɗa kuɗin dukan makonnin kafin zama na farko. Gwamma a jinkirta farawa da kwana kaɗan da a fara a tsaya a tsakiya. Ki je ofishin jin daɗin marasa lafiya ki tambayi asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda sankarar bakin mahaifa na cikin cututtukan da yake ɗauka.

Ƙarancin jini yana rage tasirin gashi, don haka a shirya 'yan uwa biyu ko uku da za su ba da jini. Cisplatin yana wahalar da ƙoda, shi ya sa ake ƙarin ruwa kafin allurar kuma ake son ki sha ruwa sosai. Ki guji diclofenac da ibuprofen da jiƙe-jiƙen gargajiya a wannan lokaci sai da sanin likita, domin suna ƙara wa ƙodar nauyi. Idan azumi ya riske ki kina kan magani, shari'a ta ba mara lafiya rangwame. Gudawa da zafin fitsari da kasala abu ne da ake tsammani, kuma akwai maganinsu. Ciwo mai tsanani ma yana da magani, har da mofin na sha, wanda ake haɗawa da maganin sassauta bayan gida. Amma zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko ɗaukewar fitsari, ko kumburin ƙafa ɗaya, waɗannan a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Bayan an gama

Gashi yana tsayar da haila kuma yana iya matse farji. Ki tambayi likita yadda ake amfani da ɗan abin buɗawa da kuma lokacin da za ki koma shimfiɗar aure. Ana dawowa dubawa duk wata uku ko huɗu a shekara biyun farko, sannan duk wata shida har shekara biyar. Ƙannenki da ƙawayenki da suka kai 30 su je gwaji, masu HIV tun daga 25. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma a kai su rigakafin HPV, wanda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023, allura ɗaya ce a damtse.