Kowace kwantena da nata iko a Docker Compose

Jama'a, masu haɗa kwantenoni (keɓaɓɓun wuraren da manhajoji ke gudana a ciki) da yawa a fayil ɗaya na Docker Compose, manhajar da ke tayar da su tare, ga wata shawara.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin rubuta `privileged: true` da zarar kwantena ta ƙi tashi. Wannan layin kaɗai yana ba ta kusan duk ikon da `root`, wato babban asusun da ke iko da komai, ke da shi a Linux, har da taɓa na'urorin kwamfutar da take kai. In mai kutse ya shige ta, to kwamfutar baki ɗaya ta faɗa hannunsa.

Ai kowace kwantena ikonta daban ake saitawa, ba sai an yi musu kuɗin goro ba. A ce kuna da kwantenar VPN, da ta shafin intanet, da ta rumbun bayanai. Ta VPN ce kawai ke buƙatar sauya saitin hanyar sadarwa, don haka ku ba ta `cap_add: [NET_ADMIN]`, sannan ku saka `/dev/net/tun` a ƙarƙashin `devices`. Mafi yawan lokaci hakan ya isa.

Ta shafin kuwa ku tsuke mata: `cap_drop: [ALL]`, `user: "1000:1000"`, `read_only: true`, da `no-new-privileges:true` a `security_opt`, wato a janye mata ikon musamman, ta gudana ba a matsayin `root` ba, a hana ta rubutu da samun ƙarin iko. In tana son wurin rubutu, ku ba ta `tmpfs`, wato wurin ajiya na wucin gadi. Rumbun bayanan ku ajiye shi a hanyar sadarwa ta ciki.

Don Allah ku kula da `/var/run/docker.sock`, wato ƙofar da ake ba Docker umarni ta cikinta. Duk kwantenar da ta samu damar amfani da shi za ta iya tayar da sabuwa mai cikakken iko, ko da kun janye mata sauran iko.