Babi na 7: Sauya Kafasita a Cikin Tsohuwar Lasifika

A shaguna da gidajen Hausawan Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 a Legas har yanzu ana samun tsofaffin lasifikoki masu akwatin katako, irin su Kenwood, Pioneer, Sansui, Technics da Wharfedale, waɗanda aka ƙera a shekarun 1970 da 1980. Wasu gado ne, wasu kuma gwanjo aka saya. Kukan da masu su ke zuwa da shi wurin mai gyara kusan iri ɗaya ne: sauti ya dushe, murya ba ta fita tar, ko akwati ɗaya ya fi ɗan'uwansa haske. Sau da yawa laifin na wani ɗan ƙaramin abu ne da bai wuce girman yatsa ba, wato kafasita.

Aikin da kafasita ke yi

Kunnen mutum mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa ɗaya, ana rubuta ma'aunin da Hz. Bakin lasifika ɗaya ba ya iya fitar da wannan duka da kyau, shi ya sa ake raba aikin. Babban baki, ufa, shi ke ɗaukar kaurin sauti irin na ganga. Ƙaramin baki, tuwita, shi ke ɗaukar siririn sauti irin ƙarar kuge da harafin "s" da "ts" a bakin mai magana. Wasu akwatunan suna da na tsakiya, mai kula da murya.

Mai rabon shi ne kirosoba, wani ɗan allo da ke cikin akwatin, yawanci a bayan inda ake ɗaura wayar amfilifaya. Abu uku ne a kansa: koyil, wato naɗin wayar tagulla, rasista mai rage ƙarfin wuta, yawanci fari mai kusurwa huɗu, sai kafasita. Kafasita kamar rariya take a gaban tuwita: siririn sauti ya wuce, mai kauri ya tsaya. Koyil kuma akasin haka yake yi wa ufa.

Girman kafasita shi ke yanke inda za a raba sautin. Ana auna shi da maikurofarad, ana rubuta µF. A tsofaffin kaya za ka ga MFD ko MF, duk abu ɗaya ne. Idan kafasita ɗaya ce tak a gaban tuwita, lissafin ba wuya: ka ninka µF da om na tuwitar, wato ma'aunin turjiyar da take yi wa wuta, ka raba 159,000 da abin da ka samu. Misali kafasita mai 4.7 da tuwita mai om 8: 4.7 sau 8 ya ba da 37.6, kuma 159,000 a raba da 37.6 ya ba da kusan 4,200 Hz. Daga nan zuwa ƙasa sautin da ke isa tuwita yana ta raguwa. Idan akwai koyil tare da ita lissafin yakan sauya, amma dokar tana nan: lamba ta motsa, wurin rabo ya motsa.

Yadda take tsufa

Koyil ba ya tsufa sai in ya ƙone. Rasista ma haka. Amma yawancin kafasitocin da aka sa a lasifikokin wancan zamani masu ruwan sinadari ne a ciki, an rufe bakinsu da roba. Shekara talatin ko arba'in, robar ta saki, ruwan ya bushe. Zafi na gaggauta wannan, kuma akwatin da ya yi shekaru a shago mai rufin kwano a Legas ya sha zafi.

Lalacewar iri biyu ce, kuma ya kamata ka bambanta su. Wata kafasitar lambarta sauka take yi, kuma turjiyar cikinta ta ƙaru. Mai 4.7 ta koma 3, wurin rabo ya haura zuwa kusan 6,600 Hz, sai a sami rami a tsakiyar sauti, murya ta zama kamar mai magana a bayan labule. Wannan ba ya kashe komai, daɗin ji kawai yake ragewa. Wata kuwa hawa take yi. Mai 4.7 ta koma 8, wurin rabo ya sauko kusan 2,500 Hz, tuwita ta riƙa karɓar nauyin da ba a yi ta dominsa ba. Ran da aka ƙure ƙarar a wurin suna ko biki, siririyar wayar cikinta ta ƙone. Tuwitar asali ta irin waɗannan akwatuna kuwa wuyar samu gare ta, ta fi kafasita tsada nesa ba kusa ba.

Kafin ka ɗora wa kafasita laifi

Ka kashe amfilifaya, ka cire wayoyin akwatin. Ka fara duba abubuwan da suka fi sauƙi. Ka cire waya ɗaya daga tuwita, ka sa mitar auna wuta a ma'aunin om, ka taɓa ƙafafunta biyu. Mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da 7. In mita ba ta nuna komai ba, tuwitar ce ta yanke, sabuwar kafasita ba za ta tashe ta ba. Ka dubi soson da ya kewaye bakin ufa: damshin Legas yana cinye shi har ya riƙa marmashewa, kuma wannan gyara ne daban. Wasu akwatunan suna da maɓallin murɗawa na ƙara ko rage tuwita. Iskar teku mai gishiri tana sa cikinsa tsatsa, sauti ya riƙa yankewa. Ka fesa masa maganin wanke maɓalli, ka murɗa shi sau da yawa, wani lokaci ciwon ke nan gaba ɗaya.

Buɗe akwati da aunawa

Kayan aiki: sukundireba, filaya mai yanka, mita mai auna µF, ƙarfen narka dalma mai wat 30 zuwa 40, dalmar waya mai lamba 60/40 wadda ke da ƙaro a cikinta, salatif na takarda da biro, sai gam na kyandir ko igiyar roba ta ɗaure waya.

Ka kwantar da akwatin rigingine, ka kwance ufa, ta raminsa ake shiga. Maganaɗisun bayansa yana fizgar sukundireba, don haka ka sa tafin hannu tsakanin bakin ƙarfen da takardar ufa, kada ka huda ta. Audugar da ke ciki, in rawaya ce ko ruwan hoda, sau da yawa ta gilashi ce: ka sa safar hannu, ka rufe hanci, ka zuba ta a leda don ka mayar da ita yadda take.

Kafin ka cire ko da waya ɗaya, ka ɗauki hoto da wayarka, sannan ka manna wa kowace waya salatif ka rubuta inda ta fito. Kada ka ce ja ai na + ne. Akwai kamfanonin da suka juya wayar tuwita da gangan saboda tsarin kirosobarsu, in ka "gyara" musu sai sauti ya ɓaci.

Ba a auna kafasita tana manne a allo, domin koyil da sauran kaya za su ruɗa mita. Ka narkar da dalmar ƙafa ɗaya, ka ɗaga ta, sannan ka auna. In ta kauce wa abin da aka rubuta a jikinta da fiye da kashi 10 cikin 100, ko ta kumbura, ko akwai farin gari a bakinta, ta gama aiki. Sai dai mita ta yau da kullum ba ta nuna turjiyar ciki, saboda haka kafasita na iya ba da lamba daidai alhali ta gaji. Shawararmu ita ce, mai ruwan sinadari da ta haura shekara 30 a sauya ta kawai. Wadda kuwa aka yi da leda tun asali, in ta auna daidai, a bar ta a inda take.

Abin da za ka sayo

Ka rubuta lambobi biyu na kowace kafasita a takarda: µF da bolt. Ka tafi da tsohuwar da kuma mitarka. A kasuwar Alaba da ke Ojo akwai layukan masu kayan gyaran rediyo da amfilifaya, kuma nuna wa mai shago tsohuwar ya fi dogon bayani. A kowace kasuwa akwai jabu, don haka ka auna a gabansa kafin ka biya. Ka sayi na akwati biyu lokaci ɗaya, ka zaɓi waɗanda lambarsu ta fi kusa da juna.

Lambar µF ba a wasa da ita. Lambar bolt kuwa ana iya haurawa, ba a sauka. Amfilifaya mai wat 100 a kan om 8 tana kai kusan bolt 40 a ƙololuwa, don haka mai bolt 100 ta wadatar, ko da tsohuwar mai 50 ce.

Babban kuskuren sabon hannu shi ne sayen kafasita mai ɓangare, irin ta cikin rediyo da talabijin, wadda ke da zane a gefe ɗaya da alamar −. Wutar sauti gaba da baya take yi, irin wannan kafasita ba ta jure hakan, za ta ɓata sauti ta kuma mutu da wuri. Wadda ake so marar ɓangare ce, an rubuta mata NP ko BP, ko kuma ta leda ce, mai MKP ko MKT. Na leda sukan zo da lamba uku: 225 na nufin 2.2, 335 na nufin 3.3, 475 na nufin 4.7, 106 na nufin 10. Harafin J a ƙarshe yana nufin kuskurenta bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, K kuma kashi 10.

A gaban tuwita, ta leda ta fi, domin ba ta da ruwan da zai bushe. A manyan lambobi irin 33, 47 ko 100 da ake samu a ɓangaren ufa, ta leda tana da girma da tsada, sabuwar NP ta isa. Akwai kafasitoci masu tsadar gaske da ake tallata wa masu sha'awar sauti. A akwatin da ake jin labarai da waƙa a shago, wannan kuɗin gara a kashe shi a sabon soson ufa.

Wasu tsofaffin lambobi sun yi wuyar samu, kamar 5 da 6. Sai a haɗa biyu gefe da gefe, ƙafa da ƙafa, lambobinsu su taru: 3.3 da 2.7 sun ba da 6, 4.7 da 0.33 sun ba da kusan 5, 10 da 2.2 sun tsaya a madadin 12. Kafasitar fankar sama, baƙar nan mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa CBB61, ta leda ce marar ɓangare, kuma ana samunta a kowane shagon kayan wuta. Biyu masu 2.5 sun ba da 5. Ka sayi sabuwa ka auna ta. In daga jikin fanka ka ciro, ka haɗa ƙafafunta da sukundireba mai mariƙin roba, wutar da ta rage a cikinta ta fita, kafin ka taɓa.

Liƙawa

Ɗaya bayan ɗaya ake yi: ka cire tsohuwa, ka sa sabuwa a gurbinta, sannan ka wuce ta gaba. Ka kankare ƙafar sabuwar da bakin reza har ta yi haske, domin kayan da suka daɗe a shago a wannan gari sukan yi dattin da dalma ba ta kamawa. Ka ɗora bakin ƙarfen a kan ƙafar da allon tare, ka kawo dalma ta narke a kansu, ba a kan ƙarfen ba. Daƙiƙa 3 zuwa 4 sun isa. In ka daɗe, tagullar allon za ta ɓare. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta sumul. Wanda ya yi dunƙule, ya yi toka-toka, bai kama ba, kuma girgizar kaurin sauti, wato bas, za ta tsinke shi.

Dalma 60/40 tana narkewa a wajen digiri 190. In wuta ta yi ƙasa, ƙarfen ba zai kai inda ake so ba: a bolt 180 maimakon 230, mai wat 40 yakan koma kamar mai wat 25. In ka ga fanka tana jan jiki, ka dakata har wuta ta daidaita. Kada ka yi amfani da ruwan asid na masu liƙin lagireto, yana cin tagulla. Ka yi aiki inda iska ke wucewa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko goro, domin dalma guba ce.

Sabuwar ta leda takan fi tsohuwar girma. Ka ɗaure ta ko ka manne ta da gam don kada ta riƙa kaɗawa, ka nisanta ta da rasista domin yana zafi. Kada ka juya koyil ko ka matsar da shi kusa da wani koyil.

Rufewa da gwaji

Ka mayar da audugar, ka haɗa wayoyi bisa hoton. In kana shakkar ƙafafun ufa, ka taɓa su da batir mai bolt 1.5: in takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan + na batir ita ce +. Ba a yi wa tuwita wannan gwaji. Katakon irin waɗannan akwatuna sau da yawa na matsattsen garin katako ne, damshi yana sa ramin ƙusa ya buɗe. Ka cusa tsinken ashana biyu da gam na kafinta, ka bari ya bushe, sannan ka ɗaura. Bakin ufa ya zauna ba tare da kafar iska ba, in ba haka ba bas zai zube.

Ka gama akwati ɗaya tukuna, ka kwatanta shi da wanda ba a taɓa ba. Ka fara da ƙara kaɗan, ka kama tashar da ake magana, ka riƙa murɗa maɓallin hagu da dama. Ka kasa kunne ga "s", "sh" da "ts". In tuwita shiru, akwai liƙin da bai kama ba ko wayar da ta zame. In murya ta yi rami, an juya wayar tuwita. In sautin ya yi kaifi har yana sukar kunne, dalilin shi ne ta leda ba ta da turjiyar da tsohuwar ke da ita tun tana sabuwa: ka sa rasista mai om 0.5 zuwa 1, wat 5, a jere da kafasitar, ka sake saurare. Abin da ka sa a akwati na farko, shi za ka sa a na biyu ba ƙari ba ragi, sannan ka rubuta lambobin da ranar gyara a salatif ka manna a cikin akwatin domin mai gyara na gaba.